Sasanci Tsakanin Ɗalibai a Gaban Majalisa: Misalin Amurka

Makasudin wannan lacca shi ne bayani a kan wani al'amari da ya daɗe yana kai da komo tsakanin malaman makaranta da 'yan majalisa a ƙasar Amurka, watau ko ya kamata a kafa doka wadda za ta sa ɗalibai su riƙa sasanta 'yan'uwansu ɗalibai idan saɓani ya shiga tsakaninsu, maimakon kullum a kai ƙara ofishin shugaban makaranta a dawo da hukunci. A ido maganar ƙarama ce, domin faɗan yara ba baƙon abu ba ne a ko'ina. Amma duk wanda ya taɓa riƙe makaranta, ko ya zauna a ma'aikatar ilmi aka ajiye masa fayil ɗin yaron da za a kora, ya san a kan irin wannan ƙaramin faɗa ne ake yanke wa yaro karatu, wani lokaci ma a kansa ake rasa rai.

Kafin a kai ga batun doka, ya kyautu a san yadda shi kansa sasancin yake gudana, domin yawancin gardamar da ake yi a majalisa daga rashin sanin haka take tasowa.

A makarantar da ta ɗauki wannan tsari, akan zaɓi waɗansu ɗalibai a ba su horo na 'yan kwanaki a ƙarƙashin wani malami da aka ɗora wa alhakin kula da shirin. Idan ɗalibai biyu suka saɓa, ko dai a kan jita-jita, ko aron abu da ba a mayar ba, ko baƙar magana da ta kai ga cacar baki, sai a tambaye su ko sun yarda a zauna. In sun yarda, sai a ba su ɗaki da masu shiga tsakani, galibi mutum biyu, malami kuwa yana kusa amma ba ya cikin maganar. Da farko akan shimfiɗa sharuɗɗa: ba katse magana, ba zagi, kowa zai faɗi gaskiya gwargwadon saninsa, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba za a kai shi filin wasa ba. Sa'an nan kowannensu ya ba da labarinsa, mai shiga tsakani ya maimaita abin da ya ji da kalmominsa har mai maganar ya tabbatar an fahimce shi. Daga nan sai a nemi su biyun su kawo shawarar abin da zai raba gardama. In sun daidaita, a rubuta, su sa hannu, bayan mako guda ko biyu a sake duba ko alkawarin ya tsaya.

Abin lura a nan shi ne mai shiga tsakani ba alƙali ba ne. Ba ya binciken wanda ya fara, ba ya yanke hukunci, ba shi da ikon ba da horo ko na shara. Dukkan ƙarfin zaman yana rataye ne a kan abu biyu: cewa su biyun sun zo da son ransu, da cewa ƙarfinsu ya yi kusa da juna har kowanne zai iya cewa bai yarda ba ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba. A riƙe wannan sharaɗi na biyu, domin a kansa dokar da aka tsara da kyau take bambanta da wadda aka rubuta cikin gaggawa.

Asalin shirin

A makarantun Amurka wannan aiki ya samo tushe ne daga wajen gwamnati. A 1972 waɗansu mabiya ɗariƙar Kirista da ake kira Kweka, waɗanda aka sani da ƙin yaƙi, suka fara koya wa yaran firamare na birnin Niyok hanyoyin warware saɓani ba da duka ba. A 1976 wani lauya mai suna Raymond Shonholtz ya kafa zaurukan sasanci na unguwanni a San Faransisko, inda maƙwabta suke sasanta maƙwabta ba tare da an je kotu ba, kuma a farkon shekarun 1980 aka shigar da wannan dabara cikin makarantun birnin, aka horar da yara su riƙa raba gardama a lokacin hutun tara. A 1984 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a wani taro a Jami'ar Massachusetts, a 1985 kuma Linda Lantieri da Tom Roderick suka soma wani babban shiri tare da hukumar ilmi ta birnin Niyok. A Jami'ar Minnesota, waɗansu shaihunan malamai 'yan'uwan juna, David Johnson da Roger Johnson, suka kawo wani ra'ayi na dabam: a ganinsu bai isa a horar da 'yan ƙalilan ba, kamata ya yi kowane ɗalibi a aji ya koyi aikin, a riƙa karɓa-karɓa. Har yau ana tafiya a kan waɗannan hanyoyi biyu, kuma mai tsara doka dole ya san wadda yake nufi, domin kuɗin da za su ci ba ɗaya ba ne.

Jihar Ohayo ce ta fi yin fice wajen mayar da abin na hukuma. A 1989 majalisarta ta kafa wata hukuma ta musamman domin yaɗa sasanci a kotuna da ma'aikatu da makarantu, hukumar kuwa ta shekara fiye da 20 tana horar da malamai tana ba makarantu ƙananan tallafi.

Zamanin ba sani ba sabo

Sai dai a daidai lokacin da wannan shiri yake yaɗuwa, wata iska ta dabam ta taso. Kashe-kashe da bindiga tsakanin matasa sun yi yawa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, jama'a suka tsorata, 'yan siyasa kuma suka amsa da tsanani. A 1994 Majalisar Tarayya ta kafa dokar hana shiga makaranta da bindiga, wadda ta ce duk jihar da take son ci gaba da karɓar kuɗin ilmi daga tarayya sai ta tanadi korar shekara guda ga ɗalibin da aka kama da bindiga a makaranta. Dokar a kan bindiga take, amma jihohi da hukumomin ilmi na gundumomi suka faɗaɗa ta da kansu, suka sa wuƙa, da ƙwaya, da dambe, har da taurin kai ga malami. Bayan abin da ya faru a makarantar sakandare ta Columbine a jihar Kolorado ranar 20 ga Afrilu 1999, inda ɗalibai biyu suka harbe ɗalibai 12 da malami guda, sai tsananin ya ƙaru, aka cika makarantu da 'yan sanda da na'urorin binciken ƙarfe.

A cikin wannan shekara ta 1994 ɗin dai, wata dokar tarayya mai kula da zaman lafiya da hana shaye-shaye a makarantu ta ambaci sasancin ɗalibai cikin ayyukan da aka yarda a kashe wa kuɗinta. Ke nan majalisa guda, a shekara guda, ta wajabta kora, ta kuma halatta sasanci. Shugaban makaranta kuwa ya san bambancin wajibi da halas: in ya bar na farko zai amsa tambaya, in ya bar na biyu ba mai tuhumarsa.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Ƙididdigar Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta nuna cewa a shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012 an dakatar da ɗalibai wajen miliyan 3 da rabi daga makaranta aƙalla sau ɗaya, kuma ana dakatar da yaran baƙar fata ninki uku na yadda ake dakatar da farare. Tun a 2008 wani kwamiti na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ya duba binciken da aka tara a kan wannan manufa, ya ce bai sami shaidar da ta nuna ta sa makarantu sun fi zama lafiya ba. Yaron da aka kora ba ya ɓacewa. Yana nan a bakin titi, karatu ya wuce shi, kuma saɓanin da ya jawo korar yana nan yana jiran ranar da zai dawo.

Shirin dokar 2009

A watan Satumba na 2009 aka kashe wani ɗalibi ɗan shekara 16 a kudancin birnin Shikago yana hanyar komawa gida daga makaranta, bayan ya faɗa tsakiyar faɗan ƙungiyoyi biyu na matasa daga unguwanni biyu da suke zuwa makaranta guda. Wani ya ɗauki abin da wayar hannu, hoton ya zagaya duniya, har Shugaba Barack Obama ya aika da ministansa na shari'a, Eric Holder, da na ilmi, Arne Duncan, zuwa birnin. Kafin shekarar ta ƙare, Bobby Rush, wanda ya wakilci wani yanki na Shikago a Majalisar Wakilai daga 1993 zuwa 2023, ya gabatar da shirin doka a kan warware saɓani da sasanci a makarantu. Rush ba baƙon wannan baƙin ciki ba ne, domin a 1999 an harbe ɗansa har lahira a birnin.

Abin da shirin ya nema bai da yawa. Ya nemi a ba ministan ilmi iko ya riƙa ba da tallafin kuɗi ga hukumomin ilmi na gundumomin da tashin hankali ya fi addaba, domin su tsara shirye-shiryen warware saɓani da sasanci ga ɗalibai da malamai da sauran ma'aikatan makaranta. Aka miƙa shi ga kwamiti, a can ya kwana har wa'adin majalisar ya ƙare, bai zama doka ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin cikin dubban shirye-shiryen doka da ake gabatarwa a kowane zango na Majalisar Amurka, 'yan ɗaruruwa ne kawai suke kai wa ga sa hannun shugaban ƙasa.

Mai karatu zai iya tambaya, don me ɗan majalisar da abin ya taɓa haka bai nemi a tilasta wa kowace makaranta ta kafa sasanci ba? Amsar tana cikin tsarin mulkin ƙasar. Tsarin bai ba gwamnatin tarayya ikon tafiyar da makarantu ba. Ikon na jihohi ne, su kuma sun sauke yawancinsa ga hukumomin gundumomi, waɗanda yawansu ya kai wajen 13,000. Abin da tarayya take zubawa a ilmin firamare da sakandare a shekarun da ba na gaggawa ba bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Saboda haka hanyarta guda ce, watau ta miƙa kuɗi ta ɗaura masa sharaɗi. Da wannan igiya ta ja jihohi zuwa ga dokar bindiga ta 1994, kuma da ita Rush ya so ya ja su zuwa ga sasanci, sai dai shi tayi ya yi, bai yi barazanar janye kome ba.

Akwai kuma wani abu da ma'aikacin gwamnati zai gane tun kafin a gama faɗa. A Amurka dokar da ta ba da izinin kashe kuɗi dabam take da dokar kasafi da take sakin kuɗin, kuma sau da yawa akan sami ta farko a rasa ta biyu. Da a ce ma shirin Rush ya wuce, sai an sake komawa kowace shekara a nemi kasonsa. Abin da ya sami waɗanda suka riga shi ya isa misali. A kasafin 2010 majalisa ta daina ba jihohi kasonsu na kuɗin zaman lafiyar makarantu da dokar 1994 ta tanada, watau asusun da makarantu da yawa suke ɗiba su biya horon masu sasanci. A 2011 kuma jihar Ohayo, cikin tsuke bakin aljihu, ta rufe hukumarta ta sasanci. Shirin sasanci kuwa ba gini ba ne da za a yi sau ɗaya a huta. Ɗaliban da aka horar bana, baɗi ko baɗin baɗaɗa sun gama sun tafi, malamin da yake kula da su an yi masa canjin wurin aiki, in ba a sake horar da sababbi ba sai a wayi gari ba abin da ya rage sai allon da aka liƙa a ƙofar ɗaki.

Abin da bincike ya nuna

Masu goyon bayan irin wannan doka sukan kafa hujja da wani nazari na 2003 wanda Nancy Burrell da abokan aikinta suka yi, inda suka tattara sakamakon bincike da dama suka ga cewa kashi 93 cikin 100 na zaman sasancin ɗalibai yana ƙarewa da yarjejeniya. Adadin yana da daɗin ji, amma a yi hattara da shi. Waɗanda suka shiga ɗakin su ne waɗanda tun farko suka yarda su shiga, kuma sa hannu a takarda bai nuna abin da ya faru bayan an tashi daga makaranta ba. Abin da aka fi samun daidaito a kansa shi ne su kansu masu shiga tsakanin suna amfana ƙwarai, suna koyon sauraro da haƙuri da iya magana. Wannan riba ce ta gaske, ko da yake ba ita ɗan majalisa yake yi wa jama'a alkawari ba.

Gwaji mafi tsauri da aka yi a wannan fage shi ne na birnin Pittsburgh, wanda cibiyar bincike ta RAND ta fitar da sakamakonsa a 2018. An ɗauki makarantu 44, aka raba su biyu da ƙuri'a, 22 suka bi tsarin gyara ɓarna ta hanyar zama da tattaunawa har shekara biyu, sauran suka ci gaba yadda suke. Shi wannan tsari ɗan'uwan sasancin ɗalibai ne, sai dai malamai ne suke jagorantarsa. Kwanakin da ɗalibai suke asara saboda dakatarwa sun ragu da kashi 16 cikin 100 a makarantun da suka bi tsarin, malamai kuma suka ce zaman makaranta ya gyaru. Amma kamun da 'yan sanda suke yi wa ɗalibai bai ragu ba, kuma sakamakon jarrabawar 'yan aji 6 zuwa 8 ya ja baya. Wanda ya karanta wannan rahoto da zuciya ɗaya zai ce abin yana da amfani, amma amfanin matsakaici ne, kuma ya dogara ga yadda aka aiwatar.

Inda sasanci yake cutarwa

Yanzu sai a koma ga sharaɗin nan na biyu da aka ce a riƙe. Akwai saɓani, akwai kuma cin zali, kuma ko da yake a bakin ƙofar ofis kamanninsu ɗaya, yara biyu ne suna huci, asalinsu ya sha bamban. Wanda ya fi kowa fayyace wannan shi ne Dan Olweus, masani ɗan ƙasar Suwidin da ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe. A 1982 yara maza uku a arewacin Norwe suka kashe kansu bayan tsangwamar da suka sha a hannun 'yan makarantarsu, abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da cin zali a 1983, kuma daga nan shirin Olweus ya fito. A ma'anar da ya bayar, cin zali yana da alamu uku: ana yinsa da gangan, ana maimaita shi, kuma akwai rinjayen ƙarfi, ko na jiki, ko na yawan magoya baya, ko na matsayi, har wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa.

To, a ɗauki irin wannan yaro a zaunar da shi gaban wanda ya addabe shi wata da watanni, a sa waɗansu yara biyu tsararsu a tsakani, a ce kowa ya faɗi nasa laifin, a nemi kowa ya sassauta. Me wanda aka zalunta zai sassauta? Zaman da kansa ya riga ya gaya masa cewa rabin laifin nasa ne. Zai sa hannu a kan duk abin da aka rubuta domin ya fita daga ɗakin, rahoton makaranta kuma ya nuna an sami yarjejeniya, a ƙara ta cikin kashi 93 ɗin nan. Shi kuwa azzalumin ya fita da sabon makami, domin ya ji da kunnensa abin da ya fi yi wa abokin karatunsa ciwo. Saboda haka Olweus ya ƙi yarda a yi amfani da sasancin tsara a kan cin zali, kuma shawarar da hukumomin tarayyar Amurka suka bayar ga makarantu ta bi wannan ra'ayi. A 2011 Maria Ttofi da David Farrington na Jami'ar Kambirij suka auna sakamakon nazari 44 da aka yi a kan shirye-shiryen yaƙi da cin zali, suka ga cewa a jimlace suna rage shi da wajen kashi 20 cikin 100, amma waɗanda suka jingina aikin ga tsararraki, ciki har da sasanci, an danganta su da ƙaruwar waɗanda ake zalunta. Nazarin da suka biyo baya da shi a 2021 ya nuna cewa sa ɗalibai cikin tattaunawar aji a kan matsalar yana taimakawa, amma wannan dabam yake da ɗora wa yaro nauyin raba azzalumi da wanda ya zalunta.

A nan ne doka take da aikin da ba mai iya yi sai ita. Ba ta iya sa yara biyu su so juna, amma tana iya shata iyaka ta ce wannan ƙara ta ɗalibai ce, waccan ta malamai, waccan kuma ta hukuma. Misali mafi bayyana a kan haka daga wajen Amurka ya zo, daga ƙasar Kolombiya ta Kudancin Amurka, wadda shekarun yaƙin cikin gida suka sa ta ɗauki zaman lafiyar makaranta da muhimmanci. A 2013 ta kafa doka mai lamba 1620, sa'an nan dokar zartarwa mai lamba 1965 ta wannan shekara ta kasa matsalolin makaranta gida uku. Kashi na farko shi ne saɓanin yau da kullum wanda bai jawo rauni ba, kuma a nan ne aka ambaci cewa ɗaliban da aka horar za su iya shiga tsakani. Kashi na biyu ya ƙunshi cin zali mai maimaituwa, har da wanda ake yi ta intanet, da dukan da ya yi rauni mara tsanani. Wannan sai an sanar da iyaye, kwamitin zaman lafiya na makaranta ya zauna a kai. Kashi na uku shi ne abin da ya kai laifi a dokar ƙasa, kamar fyaɗe, wanda dole a miƙa wa 'yan sanda nan take. Ko aiwatarwar ta yi kyau ko ba ta yi ba, malamin da ƙara ta zo gabansa ya san tambayar farko da zai yi wa kansa.

A cikin Amurka, jihar Mishigan ta bi wata hanya mai kama da wannan. Dokokin da ta kafa a 2016, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Agusta 2017, sun ce kafin a dakatar da ɗalibi ko a kore shi sai hukumar makaranta ta auna abubuwa bakwai, cikinsu har da shekarunsa, da tarihin halinsa, da ko yana da naƙasa, da girman laifin, da ko wani mataki mai sauƙi zai wadatar. Game da zaman da ake haɗa mai laifi da wanda aka yi wa laifi kuwa, dokar ta siffanta shi da cewa wanda aka cuta ne yake neman a yi, da amincewar iyayensa, ko amincewarsa shi kansa in ya kai shekara 15, kuma halarta ba tilas. Wannan ɗan sharaɗi ya fi dogon jawabi amfani, domin ya hana shugaban makaranta ya mayar da sasanci hanyar rufe magana.

Sirri da zaɓen masu shiga tsakani

Sauran batutuwa biyu da mai tsara doka ba zai tsallake ba. Na farko sirri. An ce abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki, in ba haka ba ba wanda zai buɗe baki. Amma yaya za a yi in a tsakiyar zama yarinya ta ce ana dukanta a gida, ko yaro ya ce gobe zai zo da wuƙa, ko ya ce ya gaji da rayuwa? A dukkan jihohin Amurka doka ta wajabta wa malami ya kai rahoton cutar da yaro in ya sami labari, amma ɗan shekara 14 da aka sa a tsakani ba malami ba ne, kuma zalunci ne a bar shi da irin wannan nauyi shi kaɗai. Shirin kirki yakan gaya wa kowa tun kafin a fara cewa sirrin yana da iyaka, kuma irin waɗannan maganganu za su wuce zuwa ga malami a ranar.

Na biyu shi ne wa ake zaɓa. In aka bar wa malamai kaɗai, za su ɗauko masu ƙoƙari a aji da masu ladabi, waɗanda yaran da suka fi shiga rigima ba sa jin maganarsu, suna ma yi musu kallon 'yan rahoto. Gogaggun masu wannan aiki sukan nemi a gauraya, a sa maza da mata, da kowace ƙabila da unguwa, har da waɗanda su kansu sun taɓa shiga faɗa amma 'yan'uwansu suna saurarensu.

Wannan batu na biyu yana da nauyi na musamman ga makarantun kwana irin na Nijeriya, inda tsarin shugabannin ɗalibai da aka gada daga Turawan Ingila ya ba siniya ikon sa juniya aiki da ba shi horo. Kalmar sulhu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, daga zauren mai unguwa har kotun alƙali, kuma a 2023 Nijeriya ta kafa sabuwar dokar sasanci ta tarayya, ko da yake ita a kan rigingimun ciniki ta fi karkata. Amma sulhun da aka saba da shi na babba ne yake kiran ƙanana ya raba su da kwarjininsa, wanda ake magana a kai kuwa sa'a ne yake zama tsakanin sa'o'insa ba shi da sanda. In aka miƙa aikin ga shugabannin ɗalibai, an haɗa mai horo da mai sasanci a jiki guda, kuma ƙarar da ta fi yawa a ɗakin kwana, watau ta juniya a kan siniya, tana cikin kashin da bai kamata ɗalibi ya taɓa ba sam. Har wa yau, yawancin makarantun sakandare na gwamnati a Nijeriya a hannun jihohi suke, kamar dai a Amurka. Dokar kare haƙƙin yara da Majalisar Tarayya ta kafa a 2003 sai da ta jira kowace jiha ta kafa tata kafin ta yi aiki a cikinta, waɗansu jihohin kuwa sun ɗauki wajen shekara 20 kafin su yi. Duk shirin doka a kan sasancin ɗalibai ta wannan hanya zai bi, majalisar jiha bayan majalisar jiha, kowace da nata kasafin.